Rakiyar Baƙuwa Mai Jan Gemu

Waccan kwalbar da ke kan kabad, wadda kullum nake hana ku zuba ashana da maɓallai a ciki, gimbiya ce ta taɓa zama a cikinta. Ku yi dariyarku, ba ku kuka fara ba. Ni Hansai da kuke gani, ni na goya ta a bayana na kai ta garinsu, kuma ƙafafunta takwas ne.

A wancan zamani mahaifina, Baba Shekarau, yana da lambun dashe a bakin kogin Kaduna, daidai inda yanzu aka kafa gidan mai da wurin wankin mota. Kai, lambu ke nan! Tukwanen furanni jere-jere, dashen mangwaro da lemo da gwaiba, tun daga titi kana jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mu uku ne a gidan da ke cikin lambun: shi, da ƙanwarsa Gwaggo Tabawa wadda ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, sai ni, budurwa ƙaƙƙarfa mai saurin fushi. Fushin nan har yau yana nan, ku ne shaidu.

Baba mutum ne da ba shi da abin so kamar baƙo. Ko tayi ka zo yi ba ka sayi komai ba, sai ka sha ruwa, sai kuma ya raka ka. In ka ce, "Baba, koma haka nan," sai ya ce, "Bari in ƙara taka maka kaɗan." Gwaggo takan ce, "Yaya, wata rana za ka raka mutum har garinsu, sai an aiko mana mu je mu ɗauko ka."

Wata damina wani attajiri ya sayo shuke-shuke daga wata ƙasa can bayan teku. Jirgin ruwa ya sauke su a Ikko, babbar mota ta kawo mana mu yi rainonsu kafin a gama ginin gidansa. A cikinsu akwai wata mai ganye irin na abarba, tsakiyarta kwarmi ne mai riƙe ruwa, ko ka zubar sai ya sake taruwa. Ina cikin kwance buhun da aka naɗe ta da shi, sai ga abu ya fito ya tsaya a kan ganye. Gizo-gizo ne, faɗin tafin hannun Baba. Bai gudu ba. Ya ɗaga ƙafafunsa huɗu na gaba sama, yana rangaji hagu da dama. Na kurma ihu har kajin maƙwabta suka watse.

Gwaggo ta fito da taɓarya, Baba ya riga ta, ya kifa wa abin kwalba. Ya ɗauko gilashinsa na karatu ya durƙusa, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Hansai, zo ki gani. Wannan ba tautau ba ne irin namu na bayan randa. Dubi idanunta: biyu a ƙasa, huɗu a tsakiya, biyu a sama. Dubi bakin, jan gashi ne kamar gemun da ya sha lalle. Ƙarƙashin ƙafafun kuwa zane ne, baƙi da rawaya. Mace ce, ga girman cikin nan. Kuma da alama ba ta saƙa, da ƙafa take farauta. Wadda ta tsaya ta ɗaga miki hannu maimakon ta gudu, ta san abin da ke bakinta. Dafi ne da ita, mai tsanani."

Gwaggo ta ce, "To madalla da wannan karatu. Matsa in daka ta."

Ya ce, "Tabawa, a cikin kayana ta zo, a ƙofata ta sauka. Ta ratso teku ba ta san kowa ba. Baƙuwa ce."

Shi ke nan, magana ta ƙare. Ya samo babbar kwalbar alawa wajen mai tebur, ya huhhuda murfin da ƙusa. Ya zuba ƙasa mai laima, ya sa ɓawon itace da ganyen ayaba ta riƙa ɓuya, da ɗan murfin gwangwani na ruwan sha. Ni aka ɗora wa kamun gyare, ina yi ina ƙunƙuni. Maƙeri ya ƙera masa dogon awartaki, da shi yake miƙa mata abinci, ya kuma kafa doka cewa hannun kowa ba ya shiga kwalbar. Da rani sai ya jiƙa tsumma ya lulluɓe ta, don ya lura bushewar iskarmu tana wahalar da ita. Kuma bai taɓa buɗe murfin ba sai ya ƙwanƙwasa da zobensa na azurfa, ƙwas-ƙwas, ya yi sallama. Da farko takan miƙe ta ɗaga ƙafafu. Da tafiya ta yi tafiya, in ta ji ƙwas-ƙwas sai ta sauke su ta matso bakin kwalba. Attajirin ya kwashe kayansa, ya bar mana shukar nan mai ruwa, wai ba ta yi masa kyau ba.

Aka yi shekara a haka. Washegarin babbar Sallah, da hantsi, gida ya cika da ƙamshin suya, sai na ga Baba ya tsaya yana duban awartakin nan kamar yau ya fara ganinsa.

Ya ce, "Yau kowane baƙo a garin nan da hannu bibbiyu ake miƙa masa nama. Ni kuwa tawa da ƙarfe nake miƙa mata, kamar mai ɗebo garwashi. Abin kunya ne, Hansai."

Kafin in ce uffan ya ƙwanƙwasa, ya yi sallama, ya ɗauki gyare da hannun dama ya zura. A daidai lokacin Gwaggo ta saki taɓarya a turmi tana dakan yaji, ƙasa ta amsa. Baƙuwa ta zabura ta sare shi a gindin babban yatsa.

Wayyo Baba! Gumi ya keto masa, hannu ya kumbura, harshe ya yi nauyi. Muka kwantar da shi ƙarƙashin mangwaro, jikinsa ya sandare, idanu kawai ke motsi. Gwaggo ta zura a guje ba ko mayafi, ta nufi titi neman mota, ga shi ranar hutu ce, titi fayau. Ni kuwa na ɗauki taɓaryar da ta yar, na tsaya a kan kwalba na ɗaga.

"Dakata, ya ke 'yar mai masaukina."

Siririyar murya ce, amma sai da ta cika lambun. Na waiga, ba kowa. Daga cikin kwalba take fitowa.

"Sauke abin hannunki. In kin murƙushe ni, kin murƙushe mahaifinki tare da ni, domin dafin da ke jikinsa ba shi da magani a wannan ƙasa taku."

Tsoro bai hana ni masifa ba. Na ce, "Ke, butulu! Ashe kina da baki? Shekara guda kina cin gyarenmu ba ko sannu, sai yau da kika yi ɓarna?"

Ta ce, "Ƙasa ta girgiza, hannu ya sauko kaina, na sara kafin in gane hannun wane ne. Ki raka ni garinmu, can ne ake da hanyar kwance abin da na ƙulla. Ƙofar tana cikin ruwan shukar da ta kawo ni. Kin ga jan tohon da ya fito a tsakiyarta? Sau ɗaya take fure a rayuwarta. Muddin toho ne, ƙofa a buɗe take. In ya buɗe ya zama fure, ta rufe ke nan har abada, kuma numfashin mahaifinki ba zai wuce wannan lokaci ba."

Na dubi Baba, idanunsa na kan kwalbar. Na rufe murfi, na goya ta da zane kamar jinjiri, na yi bisimilla na tsoma yatsa a ruwan shukar. Ruwan ya kama hannuna ya ja ni gaba ɗaya.

Na faɗo a wata ƙasa da ruwan sama ba ya ɗaukewa, ruwa mai ɗumi irin na wankan jego. Itatuwa ba a ganin ƙarshensu, ganye ɗaya ya isa rufin ɗaki. Babu rana a sama. A madadinta jan tohon nan ne rataye, ƙato, bakinsa a tsuke. Baƙuwa ta ce, "Shi za ki riƙa duba. Yi sauri."

Ban yi nisa ba sai ga baƙin kogi ya tare hanya. A bakinsa wani kwaɗo ne zaune cikin kwalekwalen ganye, girmansa ya kai ɗan maraƙi, shuɗi shar kamar an tsamo shi daga marina. Baƙuwa ta raɗa mini kada in kuskura in taɓa fatarsa.

Ya ce, "Ya ke mai ƙafa biyu, ni ne mai fiton wannan kogi tun kafin a san sunan ruwa. Ba na ƙetarar da kowa sai ya ba ni abin da bai taɓa jiƙewa ba."

Tirƙashi! Ni da nake ɗiga tun daga ɗankwali har ƙafa? Sai na tuna da ɗan gwangwanin da nake ɗaurewa a haɓar zane, wanda nake ɓoye ƙuli-ƙulina saboda Gwaggo. Na buɗe a ƙarƙashin ganye, na jefa masa guda. Ya cafe ya tauna, ƙurus! Ya tsaya cak, idanu waje. Ya sake taunawa, ƙurus!

Ya ce, "Abinci mai magana! Na rantse da laka, ban taɓa cin abin da ya amsa mini ba. Shigo, ya ke ma'abuciyar abin mamaki."

Ya tuƙa mu yana tauna yana lumshe ido. Da muka sauka na ɗaga kai, na ga bakin toho ya fara sakin jiki.

Daga nan hanya ta bi ta gindin wani tudu na jar laka mai ƙofofi, an gina shi a ƙarƙashin wani babban ganye inda ruwa ba ya taɓawa. Na ji kwalba tana rawa a bayana. Sai ga ƙugi, zanzaro ya sauko gabana, ya kai rago girma, ƙugunsa siriri, yana ta murza hannuwa.

Ya ce, "Aminci gare ki, ya ke 'yar mai lambu. Labarinki ya riga ki isowa. Wahalarki ta ƙare a nan. Ga tulun magani, ɗigo ɗaya a harshen mahaifinki, mutuwa ba za ta kusance shi ba. Ba na son komai sai abin da kika goyo."

Na ce, "Ba tawa ba ce, baƙuwar Baba ce."

Ya yi wata 'yar dariya. "Baƙuwa? Tambaye ta yaushe tohon ya fito. Tana kallon ƙofar garinsu ta cikin kwalba, ba mai buɗe mata. Sai ga hannu ya shigo. Ke a ganinki kuskure ne? Ta sari uba don 'ya ta yi mata dako."

Wallahi maganar ta shige ni. Na kwanto kwalba na riƙe ta a gaban fuskata. Na ce, "Gaskiya ne?"

Ta ce, "Na ga tohon, na kuma yi marmarin gida har na kasa cin abinci. Wannan gaskiya ne. Saran kuwa tsoro ne. Ba ni da shaidar da zan ba ki."

Ba ta roƙe ni ba. Hannuna har ya fara miƙa kwalbar. Sai idona ya faɗa cikin ɗaya daga ƙofofin tudun, na hango gizo-gizai a jere, ƙafafu a naɗe, idanu a buɗe. Nan take na tuna gidajen zanzaro da nake farfasawa a bangon ɗakinmu. Abin da ke ciki ba matattu ba ne, ba kuma rayayyu ba, suna nan dai ajiye ba motsi. Irin maganinsa ke nan. Mutuwa ba za ta zo ba, tashi ma ba zai zo ba.

Na ce, "Allah ya tsare Baba da irin lafiyarka!" Na rungume kwalba na faɗa cikin ruwan sama inda ya fi ƙarfi. Ya biyo ni, ruwa ya jiƙa masa fiffike, na bar shi yana birgima a taɓo yana zagina.

Na yi ta gudu har na iso gindin wata ayaba da ta tokare sama. A jikinta nono ɗaya ne rataye, kuma nonon ayabar nan gari ne sukutum: kowace ayaba gida ce mai ƙofa da taga, unguwa bisa unguwa. Shi ne Birnin Rataye, garin Marasa Saƙa. Ba tsani, sai wata gada da kwarkwasa suka yi da jikinsu, sun cije ƙafafun juna tun daga ƙasa har ƙofar gari. Babbansu ya ce, "Mai takalmi ba ya hawa mu, mai ihu ba ya kai ƙarshe." Na tuɓe takalma na cusa haɓar ɗankwali a baki na hau. Cizon da na sha a ƙafafun nan, ku dai bari. Har yau in hadari ya haɗo sai sun yi mini ƙaiƙayi.

A tsakiyar gari na tarar da Magajiyar Marasa Saƙa a kan wani jan ganye. Ta kai rumbu girma, gemunta ya yi fari fat don tsufa. Na durƙusa na buɗe kwalba. Baƙuwa ta fito, ta tsaya ruwa na dukan bayanta, ta miƙe ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa sanin tsawonsu ya kai haka ba. Sai 'yan'uwanta suka ɓarko ta kowace taga, dubbai, suka rufe ta, ta ɓace a cikinsu.

Magajiya ta ce, "Ya ke 'yar Adam, kin dawo mana da autarmu wadda masu saran daji suka kwashe cikin shuka. Faɗi buƙatarki."

Na ce, "Ranki ya daɗe, maganin mahaifina."

Ta ce, "Ba mu da magani a tulu. Dafinmu ba ya jin kiran kowa sai bakin da ya zuba shi. Sai ta sha raɓar wannan gari, ta koma ta sake saransa a inda ta sare shi, sannan dafin ya biyo ta ya fito. Amma ba ma ba da 'yarmu ga wanda bai san ta ba. Ga su nan. In da gaske baƙuwarku ce, nuna ta. In kika nuna wata, ita za ta gaishe ki da bakinta."

Suka jeru, suka ɗaga ƙafafu gaba ɗaya suna rangaji. Na bi su da kallo. Idanu biyu, huɗu, biyu. Jan gemu. Zane baƙi da rawaya. Duk abin da Baba ya koya mini yana jikin kowace ɗaya. Na ɗaga kai, toho ya buɗe rabi. Hawaye ya zo mini, na ƙanƙame kwalbar da ba kowa a ciki, awarwarona ya bugi gilashin.

Sai na ajiye ta a ƙasa. Na ƙwanƙwasa da awarwaro, ƙwas-ƙwas. Na yi gyaran murya irin na Baba, na ce, "Salamu alaikum, Baƙuwa."

Can cikin taron, guda ɗaya ta sauke ƙafafunta, ta tako gaba. Sai ta tsaya, kamar ta ji kunyar 'yan'uwanta.

Magajiya ta ce, "Kin san ta. A ba ta raɓa ta sha." Aka kawo a cikin ƙoƙon fure, ta sha. Magajiya ta ci gaba: "Saura abu ɗaya. In ta bi ki, fure zai buɗe tana can, ba za ta sake ganin garin nan ba. Ba na hana ta, ba na kuma tilasta ta. Ke ma ba ki da wannan iko."

Na juya wajen Baƙuwa. Na roƙe ta, na tuna mata gyare, na tuna mata jiƙaƙƙen tsumma, na zage ta, na sake roƙonta. 'Yan'uwanta sun kewaye ta suna shafa ta da ƙafafu, ruwan garinsu na sauka a kanta. Na dubi kwalbar nan, na ga ƙanƙantarta. Shekara guda a ciki! Sai na daina roƙon. Na ce a raina, in Baba zai tafi, gara ya tafi ina riƙe da hannunsa.

Na yi abin da na ga yana yi in ya kai baƙo inda za su rabu. Na ce, "To, Baƙuwa, mun kawo ki gida. Allah ya huta gajiya. In mun saɓa miki a zaman da muka yi, ki yafe mana." Na goya kwalbata na juya ina kuka.

Na kai bakin gada sai na ji ƙaramin motsi a bayana.

Ta ce, "Bari in ɗan taka miki."

Muka sauka gadar kwarkwasa tare. A ƙasa na ce, "Koma haka nan." Ta ce, "Akwai zanzaro a gaba, bari in nuna miki wata hanya." Muka zaga ta bayan tudun. A bakin baƙin kogi na ce, "Kin yi ƙoƙari, koma haka nan." Ta ce, "Bari in ga kin ƙetare." Ta shiga kwalekwale. Kwaɗo ya miƙo baki na juye masa sauran ƙuli-ƙulin.

Muka iso inda na faɗo. Wani ɗan kududdufi ne, a cikinsa ina hango rassan mangwaronmu. Sama ta yi ja wur, fure saura ƙiris. Baƙuwa ta juya ta dubi wajen garinsu, ta daɗe tana kallo. Na ce, "Nan ne iyaka. Koma haka nan."

Ta ce, "Bari in ƙara taka miki kaɗan." Ta hau kafaɗata.

Muka ɓullo a lambu, rana ba ta ko kai tsaka ba. Baba na nan yadda na bar shi, leɓɓansa sun yi baƙi. Baƙuwa ta sauka ta hau hannunsa. Daidai nan Gwaggo ta shigo da mai mota da maƙwabta, suka ga abin da ke kan hannun, kowa ya rarumi abin duka. Na ɗauki taɓarya na tsaya a kansu. Na ce, "Wallahi duk wanda ya matso sai na fasa masa kai!" Gwaggo ta ɗora hannu a ka tana cewa yarinya ta haukace.

Baba ya buɗe ido ya ga wadda ke kansa. Mutumin da ya kasa motsa harshe, sai ga shi ya buɗe tafin hannunsa a hankali, ya juya mata gindin yatsan. Ta sara. Wani baƙin ruwa ya biyo bakinta ya ɗiga a ƙasa, ciyawar wurin ta ƙone. Baba ya yi atishawa, ya ja dogon numfashi. Na waiga wajen shukar, fure ya buɗe, ja, kyakkyawa, ruwan tsakiyarta ya ƙafe ƙaf.

Abin da Baba ya fara faɗa shi ne, "An ba baƙuwa ruwa kuwa?"

Da ƙafarta ta koma cikin kwalba. Ba ta sake magana ba, ko da ni. Na ba Baba labari duka, ya saurara bai katse ni ba, ya share ido da hannun riga. Ya koma wa awartakinsa, Gwaggo kuwa ta samu abin tsokana har ƙarshen rayuwarta: "Yaya, yau ba za a miƙa da hannu bibbiyu ba?" Amma na sha kama ta tana jiƙa tsumman da kanta. In ana ruwan sama Baba yakan fitar da kwalbar bakin rumfa ya buɗe murfin. Baƙuwa takan hau baki ta tsaya ruwa na dukanta, in ya ɗauke ta koma ciki.

Damina biyu ta ƙara yi da mu. Wata safiya ya ƙwanƙwasa, ya yi sallama, ba ta matso ba. Ya sa hannu ya ɗauko ta, ta naɗe ƙafafu, ba nauyi kamar busasshen ganye. Ya ɗora ta a tafin hannun nan mai tabo biyu, ya bi bakin kogi da ita ta inda ruwa ke gangarawa, ina biye. Muka wuce lambu, muka wuce masu wanki, muka wuce inda masunta ke ɗaure jirage. Na ce, "Baba, rana ta yi zafi, mu koma haka nan." Ya ce, "Garinsu da nisa, Hansai. Bari in ƙara taka mata kaɗan."

Shekaru da yawa bayan haka Baba ya rasu a kan tabarmarsa, da tsufansa, ya ga aurena ya ga 'ya'yana. Da aka ɗauko shi za a kai shi makwanci, kun san mata ba sa bin gawa. Ni dai ban san lokacin da na fito ba. Na bi bayan maza ta tsakanin tukwanen furanni, na wuce mangwaro, na wuce ƙofar lambu, na hau titi ba takalmi. Gwaggo Tabawa, da sandarta da rawar jikinta, ta biyo ni ta kamo mayafina.

Ta ce, "Hansai, koma haka nan."

Na ce, "Gwaggo, mutumin da ya raka kowa? Bari in ƙara taka masa kaɗan."

Ta dube ni, ta saki mayafin. Ta kama hannuna, muka ƙara gaba tare.